Haruffan Rasha a Tafin Amarya

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce da ita ce ni da tuni ta watsa wa wani tafasasshen ruwa. Ban amsa wa kowa ba, ku yi haƙuri. Ni ba mai yawan magana ba ce, saurare na fi iyawa. Wadda yau ta fara karanta ni, sunana Raliya, sana'ata ƙunshi, ina zaune a Talata Mafara a hannun ƙanwar mahaifina, Gwaggo Baturiya.

Daga wani ƙauye na bayan Maradun muka taso, shekarar da kwana a gida ya gagari mutanenmu. Na shigo Mafara da allona da kayan jikina, ban san harafin boko ko ɗaya ba. Sai da na haura ashirin na shiga ajin manya, ina zama benci ɗaya da matan da suka haifi kamata. A nan na san Misbahu. Shi yake koya mana karatu kafin takardunsa su fito ya tafi Rasha karatun likita. Shi ya fara riƙe min fensir. Shi ya fara cewa ina da kai.

Ranar da zai tafi ya tsaya a zaurenmu, cikin farar shadda mai aikin ruwan toka, ya ce, "In na zo hutu kawunnaina za su zo wurin Gwaggo. Amma ki sani, matata ba za ta sauka ƙasar mutane tana nuni da yatsa kamar kurma ba. Ki fara koyon yarensu."

Na ce to. Ni ai komai ya ce, to nake cewa.

Haka muka fara karatu ta waya. Ya turo hoton haruffa, ya bi su da murya, ni kuma in maimaita in tura mishi. Haruffan nan talatin da uku ne, kuma wallahi mugunta ce zalla ga wadda jiya-jiya ta gama haddace na boko. Wanda na sani da P, ya ce a can “ra” ne. H ya koma “na”. C ya koma “sa”. Ga wani Я kamar R ya juya baya yana fushi, wai shi “ya” ne. Ga Ж da ƙafafu shida kamar buzuzu ya faɗi rigingine. Ɗaya ne kawai ya tarbe ni da fuskar sani, wato Ш, don haƙoransa uku ne kamar shinun da ke allona, kuma kukansu ɗaya. Ranar da na gano haka da kaina na tura mishi, ya ce, "Kai, Raliya, ni ban taɓa lura ba." Na yi ta maimaita sauraren wannan saƙon har cajina ya ƙare.

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne Ы. Misbahu ya ce, "Ki yi kamar za ki ce i, amma an naushe ki a ciki." Ina tsakar gida ina gwadawa Gwaggo ta fito daga banɗaki da gudu, buta a hannu.

"Ke! Mi kika ci? Amai kike?"

"Karatu nake, Gwaggo."

"Wanga karatu? Ni na aza akuyar maƙwabciyarmu Saude ce ta haɗiye leda."

Gaisuwarsu kuwa, baƙaƙe ne a cunkushe babu wasalin da zai raba su. Shi ya ce “zdrastvuyce” a numfashi ɗaya, ni in ce “zidirasibuyti” ina haki. Godiya “spasiba” ce, ni bakina “sifasiba” ya sani. Kullum sai ya ce in sake, in ɗaga murya, in tura. Ina turawa. Wani lokaci sau biyar, sau shida. Na ɗauka gyara yake min.

Daga baya ya koya min rubutun hannu irin nasu, wanda haruffa ke riƙe da juna kamar yaɗon kabewa. A nan na fi shi, shi da bakinsa ya faɗa. Ba biro nake ɗauka ba. Ledar lalle nake ƙullawa in yanke bakin, in kifa babban farantin silba in yi ta ja a bayansa, in goge da tsumma in sake. Sunansa da sunana su na fi rubutawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, bai zo hutu ba. Duk wannan lokaci akwai Labaran, manomin shinkafa a fadamar Bakolori, yana zuwa ranar kasuwa ya zauna a zaure ya gaida Gwaggo har gaisuwar ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko. Ba shi da laifi. Ni ce zuciyata ke wani wuri.

"Ɗiyar nan, ni ba ni yi miki dole," in ji Gwaggo, "amma ƙannenki sun fara yaye. In wanga likita naki ya zo hutu mutanensa ba su tako gidan ga ba, ki ba bawan Allah amsa. Kunya ta ishe ni."

To, bana ya zo. A hoton da ƙanwarsa Husna ta ɗora na gani, ya yi fari ya yi ƙiba, ya tara gemu. Na tura mishi sannu da zuwa da haruffansu, na zauna na tsara shi babu kuskure. Ya turo hoton babban yatsa. Shi ke nan. Na ce gajiya ce. Na ce baƙi ne sun yi yawa. Ni na yi ta kawo mishi uzuri, shi bai nema ba.

Ana haka Husna ta kira ni da saƙon mahaifiyarsu. "Hajiya na son ganinki gobe bayan azahar."

'Yan uwa, ku da kanku me za ku zata? Na ɗauko leshina ruwan zuma wanda ban taɓa sawa ba, na kai wa maƙwabta suka goge min da dutsen gawayi. Na turara mayafi. Gwaggo da kanta ta ɗaura min ɗankwali, tana cewa, "Ki duƙa ƙasa sosai, kada ki kalli idonta, kuma kada ki yi musu wanga kuka na akuya." Tana faɗa tana dariya.

Ina shiga falon Hajiya na ga akwatuna a buɗe a kan kafet. Atamfofi, lesuka, mayafai, sarƙa cikin jan gida. Gabana ya faɗi, faɗuwar daɗi. Na durƙusa.

"Ina wuni Hajiya. An wuni lafiya? Ya gida, ya baƙo, ya gajiyar taro?"

"Lafiya," ta ce, idonta na kan turmin atamfar da take shinshinawa.

Daga durƙuson nan idona ya sauka a kan takalman. An jera su a gefen akwati, masu tsini, ƙanana kamar na 'yar firamare. Ni ƙafata ta wadda ta yi tafiyar daji ce, ko babban yatsana ba zai shiga ba. Na kalle su, na kalli ƙafata da ke leƙowa ta ƙarƙashin leshi. Ba wanda ya ce min komai tukuna, amma na ji ɗakin ya yi min sanyi.

"Malama Raliya 'yar Rasha!" Husna ce, tana kwance a doguwar kujera da 'yan uwansu mata uku. "Gaishe mu da yaren mana."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai.

"Kunya take ji. Bari in taimake ta."

Ta danna waya. Daga ƙaramar sifika da ke kan tebur sai ga muryata ta cika falon. “Zidirasibuyti. Zidi… zidira… Malam, na faɗa daidai?” Sai kuma wannan harafi na naushi, ina ta gurnani, ina sakewa, ina ba da haƙuri. Suka kwashe da dariya. Ɗaya har da faɗowa ƙasa. Wata ta ce, "Wallahi ni shi na sa a kiran wayata, in Mama ta kira ni sai ki ji ıh, ıh!" Hajiya ma sai da ta rufe baki da gefen mayafi.

"Yaya ke turo mana a gurup ɗin gida," in ji Husna tana share hawaye. "Ya ce in sanyi ya ishe su, ke suke kunnawa shi da abokansa. Kin yi suna a Rasha, yarinya."

Ina jin zufa na bin bayana tana ɓata min leshi.

Husna ta gyara zama. "To ga abin da ya sa aka kira ki. Asabar ɗaurin auren Yaya a Bakura. Amarya ta ce sunan ango take so a tafin hannunta, kamar yadda ake yayi, amma da rubutun can. Mun ce ya turo hoto a ba mai ƙunshinsu ta kwafa, ya ce a'a, za ta ɓata. Ya ce ke kin iya, shi ya koya miki, ba sai an nuna miki komai ba."

Hajiya ta ɗago a karon farko ta dube ni. "Ki yi aiki mai kyau. Gidan mutunci ne."

Na ce, "To, Hajiya."

Ban san yadda na fito ba. A bakin titi, kusa da mai suyar awara, na tsaya na rubuta mishi: *Malam, gaskiya ne?*

Nan take ya amsa, shi da ya yi kwanaki bai ce min uffan ba. *Au, Husna ta faɗa miki? Yawwa. Don Allah ki fito da shi da kyau, irin mai lanƙwasar nan.*

*Maganar da ka yi a zaurenmu fa?*

*Haba Raliya. Ke ɗalibata ce, ƙarfafa miki gwiwa nake yi. Da ban faɗi haka ba za ki dage da karatu? Ga shi yanzu kin iya abin da duk Mafara ba mai iyawa. Ki gode min ma.*

Ya biyo da fuskar dariya. Na daɗe ina kallon fuskar nan mai hawaye biyu.

Da na gaya wa Gwaggo, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta zauna a bakin murhu har wutar ta ci ta cinye. Na ce ba zan je ba.

"Za ki tahi," ta ce.

"Gwaggo!"

"Za ki tahi, ki yi kwalliya, ki yi musu aikin da ba su taɓa gani ba. In kin zauna, gobe a kasuwa za a ce kina ɗaka kina kuka. Kuma rabin amaren da kike yi wa ƙunshi ta hannun Hajiya suke zuwa. Sun ɗauke miki miji, kada ki miƙa musu sana'a da hannunki."

Ranar Alhamis da hantsi na shiga motar Bakura, don hanyar ba ta yamma ba ce. Na haɗa kayana tun a gida: jan lalle da na tankaɗe sau biyu na kwaɓa da lemun tsami, da baƙin dayis, da salatif, da reza. Duk hanya ina kallon shinkafa kore shar, ina shirya wa amaryar nan fuska a raina. Na ba ta girman kai. Na ba ta hararar 'yan boko. Na so ƙwarai in same ta haka.

Sai aka shigar da ni ɗaki na tarar da yarinya 'yar firit, mai wushirya, zaune a kan katifa da zanen gida, an shafe ta da dilka. Tana ganina ta miƙe ta karɓi jakata da hannu biyu.

"Yaya Raliya ko? Sannu da hanya, sannu da rana. Sunana Ikilima. Na ɓoye miki fura, don in waɗanga suka gani ba su barin ko ludayi."

Na sha furar. Ina sha tana kallona kamar wadda ta ga malamar makaranta.

Na fara da ƙafa. Na yanka salatif na jera, na shafe da ja, na ɗaure da leda. Ƙawayenta na ta shiga da fita, Husna na bakin taga tana ɗaukar kanta hoto. Ita kuwa Ikilima ta sunkuyo kusa da kunnena tana ta zuba, ni ina saurare, aikin da na iya.

Ta ce tsoron jirgi take ji. Ta ce an ce sanyin can yana daskarar da majina a hanci, gaskiya ne? Ta ce babanta ya ce ba zai bar miji ya tafi ya bar ta ba, tare za su koma da hutu ya ƙare. Ta ce sau uku kacal ta taɓa ganinsa, kuma duk ukun wayarsa yake dannawa.

"Ya ce ke ce ɗalibarsa da ta fi kowa ƙoƙari. Don Allah koya min abu guda da zan ce mishi ya yi mamaki."

Na dube ta da kyau, ina neman alamar ba'a. Babu. Yarinyar nan ba ta san komai ba.

"Ki ce spasiba," na ce. "Na gode ke nan."

"Sifasiba."

"Haka nan ne."

"Sifasiba, Yaya Raliya," ta ce, ta yi dariya ta rufe wushiryarta.

Na gama bayan hannu, fulawa da ganye har gwiwar hannu. Sai ta juyo min da tafin dama ta shimfiɗa a kan cinyata. Tafi ƙarami, mai laushi, yana ɗan gumi.

"Nan nake so. Da shi zan riƙa miƙa mishi ruwa, ya riƙa gani."

'Yan uwa, ba zan ce muku hannuna ne ya kuɓuce ba. Ba zan ce shaiɗan ba. Ina sane. Na ɗora bakin leda a kan fatarta, na ji muryata a cikin sifikar nan tana tambaya ko ta faɗa daidai, na ga fuskar dariya mai hawaye biyu. Na ja sanda ta sauko, na zagayo da ciki. Р. Na bi da sauran, а, л, и, я, kowanne riƙe da hannun ɗan uwansa, da lanƙwasar da ya ce yana so. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba. Na kewaye shi da ƙananan ganye. Na fara da ja, da ya kama na bi kansa da baƙi, yadda ko wanki take yi kullum sai ya yi makonni.

Ралия. Sunana, a tsakiyar tafin amaryar Misbahu.

Husna ta leƙo. "Kai, ya yi kyau! Amma ina M ɗin? Ba da M sunan Yaya ya fara ba?"

Ban ɗago ba. "Anti Husna, ai kin ji a muryar da kuke kunnawa. P ra ne, H na ne. Su komai nasu a juye yake."

"Wallahi haka ne," ta ce, ta ƙyalƙyale. "Mutanen nan da wahalar da kai suke." Ta ɗauki hoto.

Ikilima ta ɗaga hannun tana hura mishi iska. "Kada ki bari ya taɓa ruwa sai gobe," na ce mata. Ta ce ko abinci a baki za a ba ta.

Suka hana ni komawa, wai sai an yi wuni da ni. Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gida, mata cike, anko ruwan goro ko'ina. Ni ina can baya kusa da tankin ruwa da leshina ruwan zuma. Ango ya shigo da abokansa don hoto, babbar riga fara ƙal, hula zanna, yana ɗaga wa mutane hannu. Aka zaunar da shi kusa da amarya. Husna ta karɓi makirfo.

"Jama'a a yi shiru! Amarya ta yi wa ango tsaraba daga Rasha. Yaya, karanta muna abin da ke hannunta, mu ji yaren da bakinka!"

Aka ɗau guɗa. Ikilima ta buɗe tafinta a hankali, kanta a ƙasa, tana murmushi a cikin mayafi. Ya kama yatsunta yana dariya, ya duba.

Na san yadda leɓensa ke motsi in yana karatu a zuci, na shekara ina kallonsa a aji. Na ga ya motsa. Na ga dariyar ta tsaya a inda take, ba ta gaba ba ta baya. Ya ɗago yana bin rumfar da ido, layi-layi, har ya same ni. Ban sunkuyar da kai ba. Karo na farko ke nan tun da na san shi.

"Ango ya yi shiru! Ko karatun ya gudu?" wata ta faɗa, aka yi dariya.

Husna ta kai makirfo bakinsa.

"Misbahu," ya ce.

Guɗa ta tashi har kunnena ya yi ƙara. Ikilima ta ɗora tafin a ƙirjinta ta riƙe. Shi kuwa mai hoto sai cewa yake, "Ango a saki fuska mana."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Daɗin da ban taɓa ji ba. Washegari a mota ina ta murmushi ni kaɗai har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ni ce amaryar.

Kiransa ya fara shigowa tun kafin in sauka. Ban ɗauka ba. Sai saƙo.

*Ke mahaukaciya ce?*

*Kin san abin da kika yi? Husna ta ɗora hoton, abokaina na can sun fara kirana.*

*Da wannan hannun za ta miƙa fasfo. A can yaron da ya fara makaranta ma zai karanta.*

*Ki zo yau ki rufe shi da wani zane. Zan aiko mota. Ba wanda zai sani.*

Na bar shi ya jira har na ci abinci na wanke hannu. Sannan na sauya haruffan wayata zuwa nasu, na rubuta mishi kalma ɗaya daga cikin na farko da ya koya min, wadda ban taɓa amfani da ita a kansa ba ko da Hausa. *Нет.* A'a ke nan. Na kashe wayar.

Da a nan abin ya tsaya, da yau labarin nasara nake ba ku.

Jiya da azahar ina tsakar gida ina tankaɗen lalle, Gwaggo ta tafi barka, sai ga kiran bidiyo daga lambar da ban sani ba. Na goge hannu na ɗauka. Fuskar Ikilima ce, a ɗakin amarci, bayanta jeren kwanuka na sheƙi. Idonta ya kumbura.

"Yaya Raliya, ina wuni. Ya gida, ya gajiya?" Har a wannan hali sai da ta gaishe ni.

"Lafiya lau, amarya. Ya baƙunta?"

Ba ta amsa ba. Ta jingina wayar da wani abu, ta ɗago hannun dama. An naɗe shi da farin ƙyalle. Ta fara warwarewa da haƙori da hannun hagu, tana jan numfashi ta hanci. Da ƙyallen ya zo ƙarshe sai da ta ɗan fizge, don ya manne.

Na ajiye rariyar.

Tafin nan mai laushi ya zama jan nama. Fata ta saluɓe daga gindin yatsu har tsakiya, gefe-gefe ya yi fari ya tashi.

"Shi ya riƙe min hannu a kan roba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa don kada a ji. "Ya zuba haifo, bilicin wankin kaya, ya sa soson ƙarfe na wanke tukunya. Ina kuka ina ce mishi sunanka ne fa, mi ya yi maka? Ya ce in rufe mishi baki. Da ya gaji ya huta ya sake. Anti Husna ta ce in Baba ya tambaya a ce dayis ne bai karɓe ni ba."

Na matso da wayar kusa da fuskata.

"Ban gaya wa kowa ba. Ke kaɗai na kira, don duk cikin mutanensa ke kaɗai kika zauna kika saurare ni." Ta matso da hannun kusa da waya. Can gefe, wajen ƙaramin yatsa, inda soso bai kai ba, harafi ɗaya ya tsira, baƙi wuluk, mai juya baya. "Ni ban iya karatunsu ba, Yaya Raliya. Amma na san mutum ba ya yi wa sunansa haka."

Ta share ido da kafaɗa, ta dube ni kai tsaye.

"Don girman Allah, mi kika rubuta min?"

Na buɗe baki. Ni da na iya gaisuwa da godiya da ban haƙuri a yaren da ba wanda ke ji a garin nan, na nemi kalma ɗaya ta Hausa na rasa. Ita kuma ba ta kashe ba. Ta riƙe hannun a sama, tana jira.